Ranar da Baffa Sale Ya Yi Magana

Wata Lahadi cikin damina, shekarar da na shiga aji uku a lekwal, wato makarantar boko, duk mutanen gidanmu na unguwar Briqueterie a Yawunde muka kewaye rediyon Baba a tsakar gida. Inna ta bar tuwo yana kamawa a tukunya, ni kuma na watsar da duwatsun 'yar carafke, domin ƙanin Baba, Baffa Sale, shi ne a gaba a babban tseren keke. Da ya ci, mai sharhi ya yi ta kiransa da Faransanci ɗanmu, zakaran Kamaru. Masu tsire na bakin titi suka bar nama a wuta suna tafi.

A shekarar nan famfon unguwarmu ya daɗe da ƙafewa. Mu 'yan mata ne muke ɗaukar bokiti da sassafe mu haura Tsinga, unguwar masu hali, masu gadi suna korarmu daga ƙofa zuwa ƙofa. In mun rasa, sai rijiyar kwari wadda kwatami ke malala cikinta. Ruwan nan ne ya kashe Hajara, 'yar Baffa, tana fara tatata. Ni nake goya ta in na dawo lekwal.

Ranar da Baffa ya ci tseren, aka miƙa masa makirufo don ya yi godiya yadda aka saba. Muna jin hakinsa, ya ce, "Na gode. Amma a unguwar da na fito yara suna mutuwa saboda ruwa. 'Yata tana cikinsu. A zo a gani." Nan take aka yanke shi da kiɗa.

Ni na karanta wa Baba jaridar da ta biyo baya, ina haɗa baƙi da ƙyar. Ba zakaran Kamaru a ciki. Wani Bahaushe ɗan Najeriya suka ce, butulu, wanda aikinsa taka feda ne, ba shiga abin da bai shafe shi ba. Alhali a ɗakin Kaka aka yanke cibiyarsa, kabarin mahaifinsa kuma yana nan Yawunde. Aka kira shi komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ya wuni, kulob ɗinsu suka karɓe keken. Abin da ya fi cin raina, 'yan kasuwar layinmu da suka ɗaga shi a kafaɗa su ne suka koma cewa, "Wa ya aike shi? Zai ja mana."

Ba a jima ba wani ɗan ƙwallo, ɗan manya daga unguwar Cité Verte, ya koka a rediyo cewa an ɗauke musu ruwa. Jaridar nan dai ta buga hotonsa, ta kira shi mai kishin jama'a. Kafin sati ruwansu ya dawo. Baffa ya sa na karanta masa labarin. Ya saurara har ƙarshe, ya tashi ya koma rumfar da yake facin tayoyi, inda ya ƙare rayuwarsa.

Yanzu 'yan wasa suna magana a talabijin, ana yi musu tafi, jikokina suna yawo da rigunansu. Na ba su labarin Baffa, suka nemi sunansa a waya, ba su samu komai ba. Ƙaramin ya tambaye ni ko dai na manta sunan ne. Ban manta ba.