Injin Ne Ya Mutu, Mai Allura Yana Nan

Kullum da safe, kafin 'yan makaranta su gama wucewa, Mai Allura ya riga ya buɗe ɗakin aikinsa da ke bayan gida. Zai shimfiɗa farin tsumma a kan tebur, ya jera sukurudireba biyar daga babba zuwa ƙarami, sannan ya ɗauko wani inji da bai fi dunƙulen hannu ba, ya juya farfelarsa da yatsa sau uku. Idan matarsa Gwaggo ta kawo shayi, nesa da gwangwanin mai yake ajiye kofin, domin ya taɓa kurɓar wanda bai kamata ba, kuma har yau Gwaggo ba ta bari ya manta ba.

Masu karanta wannan mujalla sun san shi ko da ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Shi ne mai shafin ƙananan jiragen sama, irin waɗanda mutum ke tsayawa a ƙasa yana sarrafa su da na'ura a hannu. Kada dai ku kuskura ku kira su kayan wasa a gabansa. Asalin sana'arsa gyaran keken ɗinki, can ya samo laƙabinsa, sai kuma aka yi dace: kowane ɗan injin jirgi yana da wata siririyar allura da ake murɗawa a ƙara mai ko a rage. Ka buɗe ta da yawa, inji ya shaƙe. Ka matse ta da yawa, ya yi zafi ya mutu a sama. Shi da kunne yake gane inda za a tsaya.

Ni ce editar da ke karɓar rubutunsa duk wata, shekara ashirin da biyu ke nan, ina gyara masa waƙafi yana yi mini faɗa. Kuma bari in tona wa kaina asiri tun kafin wani ya riga ni: wannan shi ne karo na biyu da na rubuta wannan shafi. Na farkon ta'aziyya ce.

Zan zo kan wannan, amma ku fara sanin wanda na yi wa kuka. Wata rana ya kawo rubutu ofishinmu, sai wani direban babbar mota ya bugo waya yana neman shawara, injin jirginsa yana tari. Mai Allura ya ce ya tayar da shi ya kara masa wayar. Ya lumshe ido kamar mai sauraron labarai, can ya ce, “Kashe. Allurarka lafiya lau take. Duba tiyon mai kusa da tanki, akwai huji.” Bayan minti goma direban ya sake bugowa yana rantse-rantse, wai hujin bai kai kan tsinke ba. Da idona na ga wannan, ba labari aka ba ni ba.

Abin da ya fi ɗaure ni da shi kuwa ba gwanintar ba ce. Akwai watan da ya yi kuskure a lissafin haɗa mai, injina uku na masu karatu suka ƙone. Na ce mu saka ɗan gyara a ƙasan shafi da ƙananan haruffa, kamar yadda kowa ke yi. Ya ƙi. Da “Na yi kuskure” ya buɗe shafinsa na wata mai zuwa, ya sa aka aiko masa da injinan uku, ya gyara su da hannunsa ya mayar.

To, ga inda aka samu matsala. Injin nan da yake juya wa farfela duk safiya shi ne na farko da ya mallaka, kuma Tsoho yake kiransa. Masu zuwa filin da ake tayar da jirage ran Asabar duk sun san haka. Mu kuma sauran, masu karatu na nesa da mu 'yan ofis, idan ba ya kusa, shi kansa muke ce wa Tsoho.

Ran Asabar ɗin makon jiya da hantsi, wani mai kemis da ba ya fashin zuwa filin ya tura saƙo a zauren masu karatu na waya: “Tsoho ya mutu yau da safe a fili. Mun yi iya ƙoƙarinmu, bai tashi ba.” Ya tura, ya kashe wayarsa, ya shige shago abinsa.

Na buga wa Mai Allura waya ta fi sau goma, tana ta ringi ba a ɗauka. Kafin la'asar saƙonnin jaje sun fi ɗari. Na zauna a teburina na rubuta shafi uku ina kuka, har takarda ta jiƙe. Duk abin da ban taɓa faɗa masa ba cikin shekara ashirin da biyu, a ranar na zuba shi.

Washegari da safe na isa gidan, na tarar da maza kusan ashirin a ƙofa, sun yi jugum, an rasa mai ƙarfin halin yin sallama. Ni na yi. Gwaggo ta leƙo da bokitin wanki a hannu.

Na ce, “Gwaggo, sai haƙuri.”

Ta dube ni, ta dubi taron. “Haƙurin me kuma, 'yar nan? Au, ku ma saboda wannan guntun ƙarfen kuka yi gayya? Yana ciki, tun jiya ya ƙi cin abinci.”

Ban san lokacin da na wuce ta ba. Ga shi nan zaune, da tabarau a karan hanci, kayan cikin inji a baje a kan farin tsumma. Wallahi sai na zube a kan wani akwati ina dariya ina hawaye. Mutane suka cika ɗakin, wannan ya riƙe masa hannu, wancan ya taɓa masa kafaɗa don ya tabbatar. Shi kuwa sai rarraba ido yake yi. Na miƙa masa wayata ya karanta saƙon mai kemis, ya sake karantawa, sannan ya leƙo ni ta saman tabarau.

“Edita,” in ji shi, “shekara nawa kina gyara mini Hausa? Yaushe aka fara cewa dattijo ya mutu? Da ni ne, ai ‘ya rasu’ za a rubuta. Inji ne ke mutuwa.” Ya miƙo mini wayata. “Af. Ashe ni kuke ce wa Tsoho a bayan idona?”

Ɗakin ya kece da dariya, har da masu riƙe ciki. Ni da kalma ce abincina, kalma ɗaya ta kayar da ni a bainar jama'a, kuma ban taɓa jin daɗin shan kunya irin na ranar ba.

Sai dai shi bai yi dariyar ba. Ya jawo aljihun tebur, inda wayarsa ke kwance, ya fito da ambulan mai ɗauke da sunana. Ya ce gara da na zo, na hutar da shi tafiya. Takardar ajiye shafi ce.

“Kunnen ya tafi,” ya ce, da ƙarfi fiye da yadda ya saba magana. “Wata takwas ina ɓoyewa. Jiya na matse allura, injin yana ta roƙona a sama, kowa a filin ya ji ban da ni. Tun da na mallake shi bai taɓa mutuwa a hannuna ba sai jiya. Wanda ba ya ji, da wane baki zai koya wa mutane saurare?”

Gwaggo daga bakin ƙofa ta ce a hankali, “Ni na sani. Sai na kira sau uku yake waiwayowa.”

Murnarmu ta koma ciki. Mun same shi da rai, amma ga shi za mu rasa shi ta wata hanyar.

A cikin taron akwai wani kafinta da ya shigo motar farko daga nesa, kurma ne tun yana ƙarami. Ya taɓa ni yana tambaya da hannu me aka ce. Na rubuta masa a bayan takardar ta'aziyyata. Da ya karanta sai ya girgiza kai da ƙarfi, ya zaro wata tsohuwar takarda da ya naɗe a leda, ya ajiye ta a gaban Mai Allura.

Nan take na gane ta, shafinsa ne da aka yanko daga mujallarmu. Shekara goma sha huɗu da suka wuce wannan kafinta ya rubuto yana tambaya ko kurma zai iya saita inji. Mai Allura bai ba shi haƙuri ya sallame shi ba. Wata guda ya yi yana toshe kunnuwansa da auduga, ya ɗaure da rawanin tawul, yana gwaji a tsakar gida, Gwaggo tana cewa maigidanta ya zautu. Ga amsar da ya buga: “Ɗaure injin a kan katako. Ɗora yatsu biyu a kan katakon, nesa da farfela. Idan mai ya yi yawa za ka ji bugun yana tsalle. Rage a hankali har ka ji ya yi sumul, kamar kyanwa tana gurnani a cinyarka. Daga nan buɗe allura kaɗan, ka kalli hayaƙi, ka bar shi haka.”

Mai Allura ya karanta rubutun kansa har ƙarshe. Ya jawo tsumman, ya fara mayar da kayan injin ɗaya bayan ɗaya, ya canza filogi, mu kuwa muna tsaye kamar an dasa mu. Bayan sa'a guda aka fito tsakar gida, aka ɗaure Tsoho a kan benci.

Bugun farko, shiru. Na biyu, ya yi tari ya tofar da mai. A na uku ya kama da wata ƙara da ta kori tantabarun maƙwabta daga kan katanga. Kafintan ya kamo hannun Mai Allura na hagu, ya ɗora masa yatsu biyu a kan katakon, ya ɗora nasa a gefe. Da hannun dama dattijon ya kama allura. Muna ji ƙarar tana hawa, tana gyaruwa, tana zama siririya, su biyun da ba sa jin ta suna kallon juna. Can Mai Allura ya tsaya, ya ɗan buɗe kaɗan, ya ɗauke hannu. Kafintan ya gyaɗa kai.

Jama'a, ban taɓa ganin manyan mutane sun yi tsalle irin na ranar ba. Direban babbar motar nan ya ɗaga mai kemis sama, wanda ya iso a makare yana ta ba da haƙuri. Gwaggo ta ce to yanzu sai a zo a ci abinci, tunda mamacin ya tashi.

Kafin in tafi ya karɓe ambulan ɗinsa, ya kuma ƙwace ta'aziyyata ya bi ta da jan biro. Inda na ce injin ya shekara arba'in da biyar, ya mayar arba'in da ɗaya. Inda na ce bai taɓa kuskure ba, ya soke layin gaba ɗaya. Rubutunsa na wata mai zuwa ya riga ya iso teburina, a bayan takardar ajiye shafin ya yi shi.

Baba Mai Allura, kai ne ka toshe kunnenka wata guda saboda mutumin da ba ka taɓa gani ba, ba ka san kanka kake yi wa tanadi ba. Kai ne ka koya mana cewa “na yi kuskure” ba ta rage wa gwani komai. Mai kunnen zinariya a da, mai yatsun zinariya a yau, mun gode. Na gode da faɗan waƙafi ma, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ku kuma masu karatu, ku yi koyi da shi: wanda ya zo muku da tambaya, ku ba shi amsar da za ta yi masa aiki. Sannan kada ku yi irin tawa. Shekara ashirin da biyu ina riƙe da godiyar bawan Allahn nan a baki, sai da na zaci ya rasu na iya rubuta ta. Inji idan ya mutu ana canza masa filogi a sake bugawa, mutum kuwa ba a yi masa haka. Duk mai wani Tsoho a rayuwarsa ya je ya same shi yau, ya faɗa masa a gaban idonsa. Idan namu za ku je wa, ku tsaya ta inda zai ga bakinku, ku ɗaga murya sosai.