Kwanon da Inna take zuwa da shi

Shekarun baya, lokacin Yauri tana ƙarƙashin Sakkwato, na sami aikin koyarwa a wata firamare a Yelwa. Ku zo ku ga mutum! Kaftani ya sha sitaci, biro biyu a aljihu, ina taku kamar ni na haƙa tafkin Kainji. Burina ɗaya a lokacin, in kai mahaifiyata gidan abincin bakin tasha inda nake cin na rana, ta zauna a kawo mata, ita da ta ƙare rayuwarta tana kai wa wasu.

Mu Kambari ne daga wajen Ngaski. Ni na musulunta a makaranta, Inna kuwa tana kan addinin iyayenta, kuma ba ta taɓa hana ni nawa ba. Wata ranar kasuwa ta shigo jirgin ruwa ta zo, da ƙwaryar gyaɗa a kafaɗa, don matanmu ba sa ɗora kaya a ka. Na tare ta a bakin ruwa, na ja ta sai gidan abinci. Tana ta cewa ai ta ci ɗumame, ni kuwa ko a jikina.

Hajiya mai abincin ta san ni sarai. Kullum Malam kaza, Malam kaza, har kan kifi take ƙara mini. Ranar nan ta dubi ƙwaryar a kafaɗa, ta dubi tsagen fuskar Inna, sai fara'ar ta ɗauke kamar an hure fitila. Ta ce ni in shigo, baƙuwata ta zauna waje gindin bango, wai ciki ya cika. Ga benci biyu babu kowa a kai, ina kallo.

Na ce, "Hajiya, mahaifiyata ce fa."

Ta ce, "Ayya, Malam, ka san halin mutanenmu. In sun gani, ba su ƙara zuwa."

Da ma nan ta tsaya. Ta miƙa hannu bayan randa ta jawo wani tsohon kwano da bakinsa duk ya ɓantare, wanda ta ware wa waɗanda suke kira arna. Ta jefa malmalar tuwon shinkafa a ciki, ta ɗaga ludayi can sama tana tsiyayo miya don kada ya taɓa kwanon. Nawa kuwa a farantin tangaran, har da cokali.

Na ɗaga murya, na tambaye ta a wace aya ta karanto wannan wulakanci. Direbobin da ke cin abinci ba wanda ya ɗago kai, in ban da ɗaya da ya ce in yi haƙuri, haka aka saba. Inna ta riƙo hannun rigata, ta ce mini da yarenmu ba a faɗa a kan abinci. Ta zauna gindin bangon ta sa hannu. Na ɗauko farantina na zauna kusa da ita a ƙasa, da sitacin da komai.

Da ta gama ta tashi za ta wanke kwanon, yadda aka koya mata. Hajiya ta ce daga nesa ta bar shi nan ƙasa, za a zuba masa ruwan zafi. Inna ta ajiye, ta ce an gode. Wannan godiyar har yau tana ƙona mini rai.

Ban sake taka gidan abincin ba, amma me na rage wa Hajiya? Cinikinta ya ci gaba. Ɓarnar a gidana ta sauka. Tun daga ranar, duk zuwan da Inna za ta yi wurina, sai ta ƙunso kwanonta a cikin zane. Bayan na yi aure matata ta roƙe ta, ta durƙusa mata, har kuka ta yi. Inna sai ta yi murmushi ta miƙa kwanon, ta ce, "Zuba mini nan, ɗiyata, kada in ɓata muku kaya."

Ana ce mini in yafe, wai zamanin ne haka. Na gwada, abin ya ƙi. Tsawa da kallon banza duk zan iya mantawa, amma Hajiyar nan ta sa uwata ta ƙare kwananta tana ƙyamar kanta a gidan ɗan da ta haifa.

Inna ta daɗe da rasuwa. Kwanon nata yana nan wurina, kuma a cikinsa nake cin tuwo.