Ranar da Muka Tsallake Yaron

Tun kafin a fara maganar mayu a ƙauyenmu, ni da tawa damuwar nake kwana nake tashi. Nonona ba ya kawowa. Ɗana na fari ya rasu kafin yaye, ga ta biyu tana tsotso tana kuka, babu abin da ke fita. An ba ni kunun kanwa, an jiƙa mini saiwoyi, shiru.

Maƙwabciyata ce ta rufa mini asiri. An kwashi mijinta zuwa aikin kuza na Nasara, bai dawo ba, ya bar ta da goyo. Da hantsi sai ta zagayo bayan rumbunmu ta ce, "Miƙo ta nan, ke dai ci gaba da dakanki." Sai ta ba ta nono. Daga ni sai surukata muka sani.

Da bazara ƙyanda ta shigo. Muka gaji da zaman makoki, ka fito wannan gida ka shiga wancan. Sai ga wani baƙo daga yamma, layu har gwiwar hannu, wai mai kamun mayu. Ya yi wa wani yaro turare, yaron yana cikin zafin zazzaɓi ya kira sunan maƙwabciyata.

Aka tara mu a ƙofar mai gari, aka kwantar da yaron a tabarma. Shi mai gari tsoronsa kada a yi duka magana ta kai wurin hakimi a Safana, don Nasara sun hana. Ya ce ba duka, ta dai tsallake yaron ta sakar masa kurwarsa. A wurinmu kuwa, wadda aka ware ta tsallaka a gaban jama'a ta amsa maita ke nan, ita da zuriyarta.

Baƙon ya ce mata, "Maita nono take bi. Ban da naki, ɗan wa kika taɓa shayarwa?"

Yarinyata tana barci a bayana. Na ji zanen goyon ya jiƙe da gumi. In maƙwabciyata ta faɗa, wa zai ci daga hannun 'yata, wa zai aure ta?

Ko inda nake ba ta duba ba. Ta ce, "Malam, dube ni da kyau. Wannan ƙirjin ne zai ciyar da biyu?"

Sai surukata ta dafa ƙasa ta miƙe. "Ranka ya daɗe, tunda tsallakawa magani ce, don me za a bar wa mutum ɗaya ladan?"

Baƙon ya ce, "Iya, koma ki zauna."

"Kai ɗan nan, ni na goyi mai garin da kake tsaye gabansa. Matsa."

Ta tattare zane ta tsallaka. Mai tuyar ƙosai ta bi ta. Wata tsohuwa ta ɗaga ƙafa ta kasa saukewa, tana cewa, "Ku riƙe ni mana, 'yan banza, gwiwa ce!" Har uwar yaron ta share hawaye ta tsallaka. Ni ma na bi. Maƙwabciyata ta wuce a tsakiyarmu, kamar kowa.

Yaron ya tashi daga ciwon. Wasu yaran ba su tashi ba. Baƙon ya ja akuyar da aka ba shi ya yi gaba, kuma har yau ba wanda ya nuna 'yata da yatsa.

Amma bakin mutane bai mutu ba. Daddawa take yi, sai ya zama ta kai kasuwa ta dawo da ita yadda ta kai. Mu ƙalilan da ke saye ba mu isa mu riƙe ta ba. Da aka gama girbi ta ɗauki ɗanta da tukwanenta, aka ce an gan ta wajen garin Babban Duhu. Na gaji da tambayar masu zuwa kasuwa.

Kai mai karanta wannan, in hanya ta kai ka can ka ga mace ita kaɗai a gefe da faifan daddawa ba mai tsayawa, don Allah ka tsaya ka saya, ka karɓa daga hannunta mutane suna gani.