Kawu Isufu da Littafin Hannatu

Muna ƙofar gidan shari'a a Dogon Dutsi, saura kaɗan a rantsar da yayata Hannatu cikin kwamitin zaɓe, sai ta dafe kai. Ta baro Littafi Mai Tsarki a gida, can garinmu Matankari, ga shi kowa da littafin addininsa yake rantsuwa.

Mu Kirista ne. Kawu Isufu, ƙanen innarmu, Musulmi ne da sahun farko ba ya wuce shi. Shi na kira a waya ya ɗauko mana shi daga gida.

Har an fara kiran sunaye sai ga shi bisa moto, wato babur, gumi sharkaf, ya rungumo littafin a ƙirji, naɗe cikin sabon rawaninsa.

Na ce, "Kawu, ka daɗe."

Ya ce, "Alwala na tsaya yi. Littafin da ɗiyata za ta ɗora hannu ta kira sunan Allah, in ɗauko shi haka nan?"

Hannatu tana dariya tana share hawaye ta yi rantsuwarta. Muryar Kawu ta fi ta kowa a wajen amin.

Wa ya taɓa girmama abinku haka? Ku ba ni labari.