Baba Kallamu da Takalman Ɗakin Gawa

Kullum bayan sallar asuba Baba Kallamu yakan buɗe rumfar baƙi da ke bayan masallacin Hausawa a unguwar Abakpa Nike ta garin Inugu, ya naɗe tabarmi, ya shanya barguna, ya cika randa. Duk wanda ya sauka Inugu ba shi da kowa, mai dako ne ko mai yankan farce, nan ake nuna masa. Jikin rumfar akwai ɗan ɗaki mai ƙofar langa-langa inda ake ajiye makara, domin shi ne mai wankan gawar maza a unguwar. Mutane na kwana a inuwarsa, amma ba su son haɗa kwano da shi. Ya sani, bai taɓa tankawa ba.

Bana ya ajiye aiki, idanu sun ƙi. Ga abin da Gimba mai dako ya shaida a ƙarshen daminar 1966.

An kashe mutanen Gabas a Arewa, kisan zalunci, aka kuma zo ramuwa kan 'yan Arewa mazauna Inugu waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Masu hali tuni sun shiga jirgin ƙasa. Unguwa ta yi tsit da rana tsaka: ƙofofi a buɗe, tukunya a kan murhu ba mai saukewa, awaki na yawo a ɗakunan mutane. Sai 'yan ƙwadagon rumfa da ba wanda ya tuna da su.

Da aka jiyo hayaniya daga bakin titi, Baba ya kora su ɗakin gawa. Ya yayyaga yadin likkafani, ya kwantar da su a jere, ya lulluɓe kowa, ya barbaɗa kafur. A bakin ƙofa ya sa gawar gaske, ta wani tsoho da zazzaɓi ya kashe da safiyar nan.

"Baba, ni fa ban mutu ba," in ji Gimba daga ƙarƙashin yadi.

"Ci gaba da surutu, yanzu za a ƙarasa maka."

Sai da Baba ya fito ya ja ƙofa sannan ya hangi takalma a waje. Duk tsoron da suke ciki, kowannensu ya tuɓe takalmi kafin ya shiga, yadda aka koya masa a gida. Ga su a jere, taɓon jikinsu ko bushewa bai yi ba. Kafin ya sunkuya ya kwashe su, masu ramuwar sun iso da adduna.

Jagoransu ya iya Hausa, a Kafancan ya tashi. "Tsoho, su wa ke ciki?"

"Gawa."

"Gawa da takalmi?"

"Masu su sun gama da su. Zaɓi wanda ya yi maka, ɗana." Baba ya ɗauki na Gimba ya miƙa masa.

Mutumin ya ja da baya. Ya tura ƙofar da bakin adda, ƙanshin kafur ya buge shi. Ya ɗaga yadin farko, ya ga haɓa a ɗaure, auduga a hanci. Ya daɗe yana kallon sauran jerin fararen. Gimba ya ce har numfashin mutumin yana ji.

"An yi musu salla?"

"Ba mai yi, sai ni kaɗai."

"Nawa ƙanen ko rami bai samu ba," in ji mutumin. Da hannunsa ya ja ƙofar, suka wuce. Har yau Baba bai sani ba, yarda ya yi ko gajiya ya yi da ganin gawa.

Washegari 'yan sanda suka raka su tasha, ba a rasa ko ɗaya ba. Yaƙin basasa na ƙarewa Baba ya dawo, ya tarar da rumfar ba rufi, ya rufa ta da hannunsa.

Kai ne, Baba, mai rufin asirin rayayye da matacce. Hannun da aka ƙi ci da shi ne ya hana a binne 'ya'yan mutane. Allah Ya saka maka da Aljanna, mun gode.

Ku kuma 'yan kasuwa da kuka dawo kuka tada benaye, kuna kulle ɗaki don buhunan albasa alhali Musulmi ɗan uwanku na kwana a ƙarƙashin tirela, ku ji kunya. Ku buɗe ɗaki ɗaya. Bai fi ƙarfinku ba.

An tambayi Baba abin da za a yi masa na sallama. Ya juya fuska inda ya ji muryar Gimba, ya ce, "Na lulluɓe ka kana surutu. Ranar tawa kai za ka lulluɓe ni, ni kuma ba za ka ji bakina ba."