Eilif Hamnes, Mijin Minista

Eilif Hamnes bai taɓa tsayawa takarar komai ba, amma siyasa ta ci fiye da rabin rayuwarsa. Makanike ne mai gyaran injin jiragen masunta a tsibirin Tindvar, can arewacin Norway. A nan aka haife shi, a nan ya koyi sana'a a hannun mahaifinsa. Dogo ne, mai nauyin baki, hannuwansa kullum baƙi ƙirin da man inji.

Aslaug, wadda ta zama matarsa, a masana'antar kifi take aiki, cikin matan da ke wuni a tsaye suna feɗe kifi, yatsunsu cikin ruwan sanyi. Ita kam baki gare ta. A wurin rawar ƙarshen kakar kamun kifi suka fara magana, kuma ita ta tako ta same shi a jingine da bango.

"Kai kuma an kafa ka nan ne don kada ginin ya faɗi?" ta tambaye shi.

"Ban iya rawa ba," in ji shi.

"Ai na gani. Zo ka raka ni gida, takalmin nan ya ishe ni."

Shekara ba ta zagayo ba aka ɗaura musu aure a ƙaramin cocin tsibirin. Jardar, abokin Eilif tun ƙuruciya, masunci mai ɗan jirginsa na kansa, shi ya tsaya masa a matsayin babban aboki. Daga baya suka haifi 'ya ɗaya, Oddny.

Wani hunturu ne ya jefa Aslaug cikin siyasa. Hukuma ta rage zirga-zirgar jirgin fito da ke haɗa tsibirin da babban gari, sai ga mahaifiyarta ta kwanta ciwon zuciya a ranar da babu jirgi. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Da aka kira taron gari a zauren makaranta, Aslaug ta miƙe da rigar aikinta mai ƙarnin kifi, ta wanke jami'an da suka zo tas, ba tare da ta ɗaga murya ba. Eilif na zaune a baya riƙe da Oddny, yana jin yadda zauren ya yi tsit. A ranar ya gane cewa matar nan ta fi ƙarfin masana'antar kifi, kuma ya ji wani abu mai kama da tsoro ya ratsa shi.

Aka zaɓe ta kansila, bayan nan shugabar ƙaramar hukuma. Ta dawo da jirgin fito, ta samo wa tsibirin ɗakin shan magani da unguwarzoma. Lokacin yaƙin neman zaɓen majalisar ƙasa, Eilif ne ke ɗaukar ta a kwalekwalensa daga wannan tsibiri zuwa wancan. Ba ya shiga zauren taro. Yakan zauna a bakin ruwa yana shan gahawa, in ya ji tafi ya taso daga ciki sai ya tada inji, don ya san an kusa gamawa.

Ta ci zaɓe, ta tafi Oslo, babban birnin ƙasar. Ta roƙe shi ya bi ta, ya kuma gwada. Hunturu guda ya yi a wani bene, ba aikin fari ba na baƙi, yana leƙen motoci ta taga. A liyafar 'yan majalisa kan tambaye shi me yake yi, ya ce gyaran inji, su ce abin sha'awa, idonsu na neman wani. Da ƙanƙara ta fara narkewa ya haɗa kayansa da na Oddny suka koma gida. Aslaug ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce masa zai riƙa ganinta kowane ƙarshen mako.

Da farko ta cika alkawari. A hankali zuwan nata ya koma sau ɗaya a wata, ya koma sai an yi hutu. Eilif ya koyi kitson yarinya, ya koyi dafa kifi da dankali ba tare da ya ƙona tukunya ba. Abokansa suka sa shi gaba da tsiya a kantin gari.

"Ranka ya daɗe, an gama wanke-wanken ne, ko mu jira?" Jardar kan tambaya.

"Ka jira," Eilif kan ce. "Injin naka ma ai wanke-wanke yake so."

Ranar da aka naɗa Aslaug ministar harkokin kamun kifi, kowane gida a Tindvar ya ɗaga tuta. Matan masana'anta suka toya kek suka kawo wa Eilif har wurin aiki. Daga ranar sunansa ya ɓace, ya koma Mijin Minista, kuma a lokacin da ƙauna ake faɗinsa.

Ba a daɗe ba gwamnatin da take ciki ta shirya wata doka da za ta ba ƙananan masunta damar sayar da izinin kamun kifinsu ga manyan kamfanoni. Wata safiya Eilif na shirin fita sai ga wayarta. Muryarta a dushe.

"Na yi iya yina a zaman ministoci, Eilif. Sun rinjaye ni. Kuma ni ce zan tsaya gaban majalisa in kare ta."

"To ki ajiye musu aikinsu mana."

"In na sauka wani za su ɗora, wanda bai taɓa taka jirgin masunta ba. In ina nan, ko ba komai zan rage mata kaifi. Me ka gani?"

Ya dubi tekun ta taga. Akwai abin da ya gani, amma bai saba gaya mata abin da za ta yi ba, kuma tsawon shekarun nan ita ce mai gaskiya a kusan komai.

"Ke kika san aikinki," ya ce.

Doka ta wuce. Tsofaffin masunta suka fara sayarwa, don kuɗin da aka miƙa musu ba su taɓa riƙe irinsa ba. Manyan jiragen da suka sayi izinin ba sa sauke kifinsu a Tindvar. Masana'anta ta koma aikin rabin mako, daga nan aka rufe ta. Jardar ya ƙi sayarwa, amma ba wanda zai sayi kifinsa a gida, sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya sauke. Ya daina kawo wa Eilif gyara. Wata rana suka yi kiciɓis a kanti, mutane na tsaye.

"Mijin Minista," in ji Jardar, ba dariya a fuskarsa. "In uwargida ta bugo waya ka gaishe ta. Ka ce mata matata na zaune a gida, ɗana ya tafi neman aiki kudu. Mun gode."

"Ba ita kaɗai ta yi ba, Jardar."

"Su sauran ba mu san su ba. Ita muka sani. Ita muka ɗaga wa tuta."

Eilif ya ɗauki burodinsa ya fita. Tun daga ranar ya koma zuwa kanti da sassafe, kafin mutane su taru.

Gidaje suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Aka rufe makaranta saboda babu yara. Oddny ta tafi birnin Bergen karatun jinya, ta bar ɗaga wayar uwarta. Ta gaya wa ubanta cewa ita ba ta da abin faɗa wa matar da ta fi sani a talabijin.

A zaɓe na gaba gwamnati ta faɗi, jam'iyya ta tsayar da wani matashi a gurbin Aslaug. Ta dawo Tindvar da akwatuna biyu, gashinta ya yi fari. Eilif kaɗai ne a bakin ruwa. Ya karɓi akwatunan, suka hau tudu zuwa gida, suna wuce tagogin da aka toshe da katako. Da suka kai ƙofa ta dube shi.

"Na ɗauka ƙari kake yi in kana ba ni labari," ta ce.

"Ragewa nake yi," in ji shi.

Ta yi ƙoƙarin komawa cikin mutane. Ta je taron mata a coci, aka matsa mata wuri aka zuba mata gahawa, amma hirar da ta tarar ta mutu. Gunvor, wadda suka yi shekaru kafaɗa da kafaɗa a teburin feɗe kifi, ita ce kaɗai ta dube ta ido da ido.

"Ba mu tsane ki ba, Aslaug," ta ce. "Mun dai rasa abin da za mu ce miki."

Ba ta sake zuwa ba. Ta koma zama a ɗakin girki, tana saƙa safa tana sauraron muhawarar majalisa a rediyo, wani lokaci tana ba su amsa. Abin mamaki, waɗannan shekarun ne Eilif ya fi samun matarsa. Tare suke cin abinci, tare suke fita duba 'yan tumakinsu. Yana jin daɗin hakan, yana kuma jin kunyar jin daɗin, don ya san abin da ya dawo masa da ita.

Sai shanyewar ɓarin jiki ta same ta, ta ɗauke mata magana. Matar da ta yi arziki da bakinta ta koma nuni da hannu ɗaya. Eilif ya rufe wurin aikinsa, wanda dama ba mai zuwa. Shi ke yi mata wanka, shi ke ba ta abinci a baki. Oddny ta zo, ta gyara wa uwarta shimfiɗa yadda ake yi a asibiti, ta zauna ta riƙe hannunta. Abin da za su faɗa wa juna kuwa lokacinsa ya wuce.

Aslaug ta rasu a cikin watannin duhu, lokacin da rana ba ta leƙowa ko kaɗan. Manya suka zo daga Oslo da furanni. Wani daga jam'iyya ya yi jawabi a coci, ya kira ta 'yar masunta da ba ta taɓa manta mafarinta ba. 'Yan tsibirin da suka rage suna zaune a baya, kowa ya sunkuyar da kai.

Da aka zo ɗaukar akwatin gawa, maza masu ƙarfi ba su cika ba. Aka tsaya cirko-cirko. Jardar ya taso daga kujerar ƙarshe yana ɗingishi, ya kama gefen da ke kusa da Eilif.

"Matsa gaba kaɗan," ya ce masa a hankali. "Ka fi ni tsawo, nauyin zai dawo kaina."

Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan a ranar. Bayan sati ya aiko wa Eilif da kifi ta hannun matarsa, amma shi bai tako gidan ba.

Eilif ya ƙara hunturu biyu shi kaɗai. A na biyun ya zame a kan ƙanƙara ya karya ƙugu, Oddny ta zo ta tafi da shi Bergen, bai yi musu ba. A gidan kula da tsofaffi ya ƙare kwanakinsa, a ɗaki mai kallon wurin ajiye motoci. Ma'aikatan gidan suna sonsa don ba ya ƙorafi. A cikinsu ba wanda ya san ko wace ce matarsa, shi ma bai taɓa faɗa ba. Ya rasu da bazara, cikin ruwan sama. Gidansu na Tindvar kuwa wasu mutanen kudu suka saya, suna zuwa hutu in rana ta dawo, su kulle su tafi kafin sanyi.