Gidan Gwange da Baba Ya Saya Babu Hatimi

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Baba, Malam Garba mai yadi, amma ban taɓa yawan yi masa magana a zuci kamar bana ba. Kuma, Allah ya yafe mini, yawancin maganar mita ce da ƙorafi.

Daga Kano ya zo Maiduguri yana saurayi, ya kama rumfa a Kasuwar Litinin, ya koyi Barbarcin ciniki wanda har ya koma ga Allah abokansa ba su daina yi masa dariya a kai ba. Gidanmu na Gwange, ɗaki huɗu da zaure, a hannun maƙwabcin rumfarsa ya saye shi, wani dattijo Ba Modu. Inna ta sha ba mu labarin ranar. An shimfiɗa tabarma a ƙofar bulama, wato mai unguwa, shaidu uku suka zauna, liman ya rubuta 'yan layuka da ajami, aka shafa Fatiha. Ba Modu da kansa ya ce su je ofishin filaye a yi takardar gwamnati. Baba ya ɓata rai. A ganinsa, ka riƙe hannun mutum a gaban liman sannan ka je neman hatimi, ai zaginsa ka yi. Daga nan ba a sake ta da maganar ba.

Takardar liman tana ƙasan akwatin ƙarfen Inna har ranar da ambaliya ta ci unguwarmu. Da ruwa ya janye muka buɗe akwatin, sai muka tarar da ita fara fat, a manne da zanen aure. Tawadar malamai ce, dama don a wanke ake yin ta.

Katanga ta tsage, gwiwoyin Inna sun ƙi, yayana Sani ya matsa ta koma wurinsa a Kano. Muka yanke shawarar sayar da gidan, kuma da yake ni kaɗai na rage a gari, a kaina zirga-zirgar ta faɗo.

Lauyan mai saye ya miƙo mini jeri: takardar mallaka, zanen safiyo, takardar kotu ta magada, wasiƙar bulama, har da takardar mitar lantarki, a ga sunan wa ke kanta, da shaidar mai gyara cewa ruwa bai lalata wayoyin gidan ba. Nan dariya ta ƙwace mini. Baba fa, in aka ɗauke wuta cewa yake baƙuwa ce, ta koma gidansu, a kawo masa mafici. Da yana nan da ya tambayi lauyan, shin gidan za a saya ko ƙwan fitilar? Na ji muryarsa sarai a kunnena, har sai da na juya.

Amma dariyar ba ta yi nisa ba. Lauyan ya ce duk takardun nan ba ɗaya da za ta fito sai an tabbatar Ba Modu sayarwa ya yi. Shaidu uku sun rasu. Liman ya rasu. Bulaman yanzu ko tafiya bai fara ba ranar da aka yi cinikin. In magadan Ba Modu suka ce aro aka ba mu, ba mu da bakin magana, kuma Inna za ta bar gidan da ta share shekara arba'in tana sharewa kamar 'yar haya.

Wallahi na ji haushin Baba. Na ce haba Baba, tafiyar da ba ta kai ta keke ɗaya ba ka ƙi yi, ga shi ka bar mu a rana! Sati uku ina kai da kawo ban iya zuwa unguwar Fezzan ba, inda Bukar babban ɗan Ba Modu yake zaune. Tsoro na ɗaya, kunya ta biyu. Zumunta a ƙafa take, ni kuwa rabon ƙafata da gidansu tun zaman makokin Baba.

Daga ƙarshe na je, na same shi a zaure yana gyara tabarau da zare. Ya tsufa ƙwarai.

"Wushe, wushe, sannu da zuwa! Hajara 'yar Garba? Sai yau?"

Na durƙusa na fara kame-kame. Bai bari na kai ƙarshe ba.

"Maganar gida ce? Babanmu ya tara mu kafin ya cika, mu bakwai. Ya ce gidan Gwange na sayar wa Garba, na karɓi haƙƙina cif. Duk ranar da 'ya'yansa suka zo, wanda ya yi shiru ban yafe ba. Ni jiranku nake, ƙanwata. Ɗauko mini hulata."

A kan tabarmarsa na yi kukan da ban yi ba tun ranar ambaliya.

Ya bi ni wurin bulama, ya bi ni kotu, ya rantse. Ya kira ƙannensa ɗaya bayan ɗaya suka sa hannu. Ko kuɗin keke ya ƙi in biya masa. Alheri danƙo ne, aka ce, ba ya faɗuwa ƙasa banza, sai dai ban san yana jira har haka ba.

Ba na cewa Baba ya yi daidai. Duk mai gida ya je ya yi takardarsa, ba kowa ne zai dace da Bukar ba. Amma yanzu fayil ya cika, hatimi a kan hatimi, an cire sunan Baba daga kan mita, kuma har yau ban ga fuskar wanda ya sayi ɗakin da aka haife ni ba. Ta hannun lauya aka gama komai.

Ranar da Inna za ta tafi, Bukar ya zo tasha da sandarsa. Direba ya tambaya ko da shi za a tafi.

"A'a," ya ce, "rakiya na yi. Matar ɗan'uwan babana ce."

Baba, na janye ƙorafina. Ina kewarka.